Yadda Gaya, Ajingi da Gafasa Za Su Jawo Baƙi

Duk sanda aka tashi maganar yawon buɗe ido a Jihar Kano, sunayen da ake jerowa ba sa canzawa: Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi, hawan Sallah. In an fita daga birni, sai a ambaci Tiga da dajin Falgore, a rufe littafi. Gabashin jihar ba ya cikin lissafi. Mota takan haye gadar Wudil, ta wuce Gaya a guje ta nufi Dutse ko Azare, babu mai tsayawa sai mai shan mai ko wanda lokacin salla ya riska. Shi ya sa matasan ƙungiyoyin ci gaban gari na wannan yanki suke yawan tambaya: yaushe hukumar yawon buɗe ido ta jiha za ta waiwayo mu?

'Yan uwa, hukumar nan ofishi ɗaya ce a birni, ƙananan hukumomi 44 kuma suna miƙa mata hannu. Aikinta ta tallata abin da ta tarar an shirya, ta sa shi a kalanda, ta kawo 'yan jarida, ta horar da masu jagora. Wanda ya je mata da koke zai dawo da alkawari. Wanda ya je da abin da ya riga ya fara, da hotuna da lissafi a hannu, shi ake ba kujera. Don haka shawarar da zan bayar a nan ta aikin da ya rataya a wuyanku ce, kafin ku taka ƙofar kowane ofishi.

Ku fara da sanin wane ne baƙonku. Da yawa in an ce ɗan yawon buɗe ido, Bature suke hangowa da hula mai faɗi da kyamara a wuya. Ku cire shi daga lissafin farko. A Kure, kusa da Yamai, akwai raƙuman dawa da Turawa suke zuwa kallo, 'yan garin kuma suna da ƙungiyar masu jagora da ke cin abinci da hakan. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a can, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu 'yan Nijar, ciki har da ɗan jagora. Rana ɗaya ta isa ta tsayar da sana'ar. A ƙasar Nijar ɗin nan dai, kokawar takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana zagaya jihohi shekara bayan shekara, filin yana cika maƙil, masu masauki da masu tuwo da 'yan kabu-kabu suna samun rabonsu, kuma 'yan ƙasa ne 'yan kallon. Irin wannan baƙon nake so ku nema. Shi ne ɗalibin sakandare na cikin birnin Kano da malaminsa ke neman inda zai kai ajinsa su ga tarihi da ido. Shi ne ɗalibin jami'ar Wudil da ke kusa da ku, da na Bayero mai rubuta kundin kammala karatu. Shi ne ɗan asalin Ajingi da ke Legas ko Abuja, wanda yake kawo 'ya'yansa gida da Sallah, su wuni a ɗaki suna latsa waya saboda ba a shirya musu komai ba. Waɗannan ba sa buƙatar biza, suna jin Hausa, suna cin abin da kuke ci, kuma in sun ji daɗi za su dawo baɗi da wasu.

To me za ku nuna musu? Nan ne na fi jin takaici, domin ƙasar Gaya tana da abin da kuɗi ba sa saye. Labarin kafuwar Kano da kowane ɗan makaranta yake ji yana cewa maƙera ne daga Gaya suka je gindin Dala neman tama, suka tarar da ita, suka zauna. Zuriyarsu ce ake kira Abagayawa, har a wata ruwayar ana cewa sunan jagoransu Kano, shi garin ya ci sunansa. Masu binciken kufai sun sami shaidar narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gaya fiye da sau ɗaya. A zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, ya kawo labarin Agalfati, Sarkin Gaya, ɗan Sarkin Macina. A zamanin Sarki Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17, ya kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi shekara uku yana hana Kano haraji kafin a yaudare shi a kashe. Wato dubban mutane suna hawa Dala ana faɗa musu cewa daga Gaya mutanen farko suka zo, amma babu mai ce musu Gayan tana nan, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota, kuma har yau ana ƙira a ƙasarta. Abin sayarwarku ke nan: baƙo ya ga Dala yau, gobe ya bi sawun maƙera zuwa inda suka fito.

Sai dai ku faɗi labarin da gaskiya. Inda ruwaya ce, ɗan jagora ya ce "haka magabata suka faɗa". Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, ya kawo duka. Malamin tarihi ɗaya da ya kama ku kuna ƙara gishiri ya isa ya hana makarantu goma zuwa. Haka kuma ku nisanta aikin daga rigimar masarautu. Kowa ya san an ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, an rushe dokar a watan Mayun 2024, sannan a Yulin shekarar aka mayar da ita mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Baƙi za su yi tambaya. A ba su amsa da shekaru kamar yadda na jero, a wuce. Tarihin Gaya ya girmi duk gwamnatocin da suka sa hannu a waɗannan dokoki.

Aikin farko na hannu shi ne ƙidayar abin da kuke da shi, kuma kada ku tsaya a cikin garin Gaya. Ku raba kanku mazaɓa-mazaɓa a Ajingi: Gafasa, Toranke, Balare, Chula, Gurduba, Kunkurawa, Unguwar Bai, har ku zagaye. Kowace tawaga ta ɗauki littafi da waya mai ɗaukar murya. A rubuta kowace maƙera da ake hura wuta a cikinta, kowace tsohuwar marina ko da ta mutu, tsofaffin rijiyoyi, kufai, sawun ganuwa, inda manoma suke tono kashin maƙera ko fasassun tukwane in suna huɗa, tsofaffin masallatai da gidajen malamai masu ajiye littattafan hannu, masu saƙar tabarma da faifai, masu ginin tukunya, masunta, makaɗan fada, 'yan dambe da 'yan kokawa, ranar kowace kasuwa da abin da aka san ta da shi. Sannan ku zauna da tsofaffi. Wannan ya fi komai gaggawa, domin gini yana jiran kuɗi, tsoho kuwa ba ya jiran kowa. Ku je da goro da ladabi, ku bar shi ya yi magana yadda ya ga dama, kada ku katse shi don ya kauce daga tambayarku. Sau da yawa a kaucewar ne abin kirki yake fitowa. Ku tambayi tsofaffin mata su ma, ta hannun 'yan mata na cikinku. Su ne suka riƙe labarin aure da ƙaura da yunwa da waƙoƙin daka da niƙa, abin da fada ba ta ajiye ba. Kowane faifan murya a rubuta masa rana da gari, a ajiye kwafi a wuri biyu, a kai ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa.

Kafin ku taka ko'ina, ku bi ta ƙofa: mai unguwa, dagaci, hakimi, fada. Ku je wa limamai da malaman gari tun ana shiri, ku bayyana musu abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, da kuɗi biliyoyin naira. Malamai suka tashi a kan mumbari, cikin 'yan kwanaki aka janye aikin. Ko me mutum yake gani game da wannan hukunci, darasin a fili yake: an sanar kafin a yi shawara. A ƙauye kalmar yawon buɗe ido kanta tana iya sa dattijo ya ɗaure fuska, don yana jin kamar za a kawo masa sheƙe aya ƙofar gida. In ya ji cewa yara ne za a kawo su ga sana'ar kakanni, za a tsaya salla a kan lokaci, mata za su shiga wajen mata, shi da kansa zai ba da tabarma.

Daga cikin abin da kuka ƙidaya, ku tsara wuni ɗaya tak. Kada ku yi zancen kwana tukuna. Mota ta baro Kano da sassafe, ta iso Gaya da hantsi. A fara da gaisuwa a fada in an ba da izini, a zagaya tsohon gari da ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba, sannan a shiga maƙera. A nan za ku daɗe, domin nan ne zuciyar tafiyar. Yaron birni da bai taɓa ganin an ƙera komai ba zai tsuguna ya ga ɗan maƙeri yana danna zuga-zugi hannu bayan hannu, gawayin ƙirya yana tartsatsi, guntun ƙarfen mota ya yi ja kamar gauta. Maƙeri ya cafko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba ta sauka, ya juya, ta sake sauka, kafin a jima lauje ya fito, a tsoma shi a ruwa ya yi cuu. Ku roƙi Sarkin Maƙera ya bar yara biyu ko uku su taɓa zuga-zugin da hannunsu. Ku sa maƙeran su tanadi ƙananan abubuwa da aljihun ɗalibi zai iya saye, 'yar fartanya, zobe, ƙaramar ƙararrawa. Yaron da ya koma gida da abin da aka ƙera a gabansa ya gama yi muku talla a unguwarsu.

Bayan azahar a ci abinci, kuma a ci na gari: dambu, kwaɗon zogale, fura da nono da aka dama a gaban baƙi cikin ƙwarya mai tsabta. Kada wani ya ce sai an sayo shinkafa a leda daga birni don a burge su. Da yamma a gangara ƙauye, Gafasa ko wani gari na Ajingi da ƙidayarku ta nuna yana da abin gani, ko fadama lokacin noman rani, ko kasuwa in ranarta ce. Ƙarfe huɗu da rabi mota ta juya, domin iyaye ba sa son 'ya'yansu a kan titin Wudil bayan magariba, kuma suna da gaskiya.

Yanzu ga maganar da ba a son yi a taro, amma ita ke kashe irin wannan shiri: bayan gida. Ɗalibai hamsin, rabinsu 'yan mata, sun sha fura, ina za su zagaya? In amsar ita ce bayan gari, malamar da ta kawo su ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta faɗa wa 'yan uwanta. Kafin ku buga ko da takardar talla ɗaya, ku tanadi makewayi biyu masu ƙofa da sakata, na maza daban na mata daban, da butoci da sabulu da mai wankewa da ake biya. Ku tanadi inuwa da tabarmi, ruwan sha mai tsabta, wurin alwala, akwatin taimakon gaggawa, da lambar ma'aikacin asibiti mafi kusa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma mai masauki na ƙwarai duka biyun yake shimfiɗawa.

Abin da ba na so ku nema shi ne katafaren gini. Jihar nan ta gwada. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi hangen nesa ƙwarai: gidan zu, madatsun ruwa, otal a Bagauda, wani a kan dutse a Tiga. Gidan zu yana nan yana cika da Sallah saboda yana cikin mutane kuma talaka na iya biyan kuɗin shiga. Otal ɗin Bagauda kuwa ya koma makarantar horar da lauyoyi, na Tiga ya yi shekaru yana lalacewa. Gini yana cin kuɗin gyara ko da baƙo ko babu. In wani ɗan siyasa ya yi muku tayin "cibiyar al'adu" mai bene, ku gode masa, ku roƙe shi ya mai da kuɗin rijiyar burtsatse, makewayi da gyaran hanyar da ta shiga ƙauye. Waɗannan ko baƙo bai zo ba, 'yan gari sun amfana.

Lokaci ma a zaɓe shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne damarku: an gama kaka, hatsi yana rumbu, hanya ta bushe, rana ba ta gasa mutum, makarantu kuma suna buɗe. Bazara ta yi zafi da yawa ga tafiyar ƙafa, damina kuwa kowa yana gona. In kuna son biki na shekara, da dambe da kokawa da baje kolin maƙera, ku tsayar masa da mako guda sananne bayan kaka, kada ku riƙa ɗaga shi don jiran babban baƙo. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Duk girman sunansa, masu masauki da masu kwale-kwale sun ji a jikinsu. Ƙaramin biki da ba ya fashi ya fi babba na jefi-jefi amfani. Ga kuma Sallah. A Disambar 2024 UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin wannan jeri, abin da ya ƙara jawo ido ga dawakin ƙasar Kano baki ɗaya. Ku nemi a sa hawan Gaya a cikin kalandar da hukuma take rabawa, da rana da lokaci da inda baƙo zai tsaya ya yi kallo ba tare da doki ya take shi ba.

Kuɗi kuma a yi maganarsu tun ba su zo ba, don in sun zo ba a jin magana. A yanke farashi ɗaya na kowane kai, na ɗalibi daban na babba daban, a rubuta a allo, a ba da rasit. Babu "kawo abin da ya sauƙaƙa", babu yara suna bin baƙi da roƙo. A raba abin da aka samu gida uku: kason masu sana'ar da suka bar aikinsu suka karɓi baƙi, kason 'yan jagora da masu dafa abinci da mai shara, da kason asusun gyara. A biya maƙeri ranar, a hannunsa, kafin mota ta tashi. Asusun ya zama na banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Ƙungiyoyin gari nawa ne suka watse a kan kuɗin da ba su kai na tunkiya ba?

Ku horar da 'yan jagora kaɗan, maza da mata, masu Hausa mai daɗi da ɗan Turanci, waɗanda suka san lokacin yin shiru. Su ne za su hana baƙo ɗaukar hoton matar aure ba da izininta ba, ko leƙa gidan da aka rubuta "ba a shiga", ko mai da almajiran tsangaya abin kallo. Su ne kuma za su ce a'a in wani ya nemi sayen tsohon takobi, ko tambari, ko littafin hannu na gidan malam. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba, kuma ko babu doka, abin da ya fita ba ya dawowa. Mai bincike ya ɗauki hoto a gaban mai kayan, ya bar asalin inda ya same shi.

Talla ba ta buƙatar miliyoyi. Ku sa wuraren a taswirar Google da sunayensu daidai, domin direban da ya ɓata sau ɗaya ba ya son komawa. Ku rubuta tarihin garuruwanku a Wikipedia ta Hausa daga abin da kuka tattara. Bidiyon minti ɗaya na lauje yana fitowa daga wuta zai yi tafiya a TikTok da Facebook fiye da jawabin shugaban ƙungiya. Gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen tarihi da al'adu da kullum suke neman baƙo mai abin faɗa. Ku kai musu dattijo mai baki. Amma tallar da ta fi kowace ita ce wasiƙa a hannu zuwa ga shugabannin makarantu goma, da tsarin wunin, da farashi, da lambar wanda za a kira, da gayyatar malamin tarihi ya zo ya gani kyauta kafin ya kawo ɗalibai.

Ku ajiye babban littafi a inda baƙi suke sauka. Kowace tawaga ta rubuta rana, daga ina, mutum nawa, me ya burge su, me ya ɓata musu rai. Shafin ƙorafin ya fi na yabo daraja, ku karanta shi a kowane taro. Bayan hunturu ɗaya, wannan littafin ne za ku ɗauka ku tafi da shi. Ku fara da sakatariyar ƙaramar hukuma: tsohuwar dokar tarayya ta 1992 kan yawon buɗe ido ta taɓa tanadar kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin shugabanta, da basarake da baturen 'yan sanda a ciki, sai dai a wurare da yawa a takarda kawai ya tsaya. Ku nemi Gaya da Ajingi su tayar da nasu, su kuma yi aiki tare, tunda baƙo bai san inda iyakar ƙaramar hukuma take ba. Daga nan ku wuce hukumar jiha da ma'aikatar da ke kula da al'adu, tun tsakiyar shekara, kafin a rufe kasafin kuɗin da gwamna yake kai wa majalisa a ƙarshenta. Takardarku kada ta wuce shafi biyu, buƙatunku kada su wuce huɗu: allon kwatance a bakin babban titi, horo da shaidar aiki ga 'yan jagoranku, sunan Gaya a kalanda da takardun tallar jiha, da kuma umarni ga masu jagora a Dala da Gidan Makama cewa duk sanda suka ambaci Abagayawa, su faɗa wa baƙo yadda zai je Gaya da lambar da zai kira. Ku karɓi kwafin takardar da hatimin ofis a kanta, ku rubuta sunan jami'in da ya karɓa, ku koma bayan mako uku.